Epoksin West System a zafin Sakkwato: abin da na gani a gyaran tsohon jirgin faiba

Wanda zai gyara jirgin faiba a garin nan, kafin ya tambayi kuɗin rezin, wato ruwan gam ɗin da ake jiƙa faiba da shi, gara ya tambayi minti nawa zai ba shi kafin ya daskare. Da wannan na auna epoksin West System, wanda shi ma wani nau'in rezin ne, kuma a nan ya ci kuɗinsa.

Jirgin ƙarami ne, irin mai tafiya da iska. Ƙanena ya samo mini shi na hannu a Legas, burina in sa shi a dam ɗin Goronyo. Ƙasansa duk ya yi ƙuraje saboda ruwan da ya shige cikin faibar, ga tsaga a gindin sandar tsakiya mai riƙe da filafilan jirgi, katakon baya kuwa ya ruɓe har yatsa na nutsewa. Wani mai gyaran bodin mota ya ce mini, "Malam, ka sayi irin rezin ɗinmu mana, ga arha." Yana da gaskiyarsa, da irin wannan rezin, wato foliyesta, aka ƙera yawancin tsofaffin jiragen faiba. Sai dai ba ya kama tsohuwar faiba kamar yadda epoksi ke kamawa, kuma ruwa ya fi saurin ratsa shi.

Kamfanin Gougeon Brothers na jihar Michigan a Amurka ke yin West System. Rezin ɗin lamba 105 ne, sai mutum ya zaɓi sinadarin daskarwa. A ma'aunin zafi 22, lamba 205 na ba ka minti 9 zuwa 12, 206 minti 20 zuwa 25, 209 kuma 40 zuwa 50. To ina Sakkwato ina 22, garin da a watan Afrilu ake haura 40? Shi ya sa na ɗauki 209, wanda ko a zafi 35 yana ba da minti 15 zuwa 20. Haɗinsa kashi uku na rezin, kashi ɗaya na sinadari, ba a ƙara ba a ragewa.

Na goge bakin tsagar da giranda har ya yi gangare, faɗinsa ninki 12 na kaurin bangon jirgin, na share da sinadarin wanke maiƙo da ake kira asiton, na jera ƙyallen faiba. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda epoksin yake jiƙa ƙyallen. Kana dangwala buroshi farin na ɓacewa, har ka hango tsohon bangon ta ƙasa. Duk inda fari ya rage, iska ce ta maƙale, kuma akwai sauran lokacin korar ta ba tare da rawar jiki ba. Bayan sallar asuba nake farawa, kafin hantsi na tashi. A faffaɗan faranti nake zuba haɗin, don idan ya taru a gwangwani zafi yake ɗauka da kansa ya daskare nan take.

Yana da sharuɗɗansa. Bayan ya bushe yakan fitar da wani maiƙo a sama, sai an wanke da ruwa da soso kafin a sa sanfefa, in ba haka ba fenti ba zai zauna ba. Fentin kuwa dole ne, rana na cin epoksi tsirara. Lokacin hunturu a rufe wurin aiki saboda ƙura. Safar hannu da takunkumi ba abin wasa ba ne, ƙurar faiba na sa ƙaiƙayi, ga cutar da huhu.

Ban same shi a Sakkwato ba, aiko mini aka yi, kuma da tsada. Saboda haka a ƙasan jirgi, gindin sanda da sabon katakon baya kawai na sa shi. Kujeru da sauran abin da ruwa ba ya kwana a kai, foliyestan masu bodi na yi amfani da shi. Mai sayen ƙyalle ya nemi saƙaƙƙe, domin tabarmar faiba mai yankakken zare da ake sayarwa a kasuwa don foliyesta aka yi ta.