Ƙaramar rediyon sauraren Maganar Allah: abin da ta iya da abin da ta gaza

A wasu shagunan littattafan Kirista na garin Zuru ana sayar da wata ƙaramar rediyo mai cin memori, wadda aka zuba wa karatun Sabon Alkawari da Zabura da harshen Hausa. Girmanta bai wuce tafin hannu ba, a bayanta akwai ɗan allon sola, tana da tocila a goshi, kuɗinta kuma bai kai na ƙaramar wayar hannu ba. Na saya wa gwaggona da ke ƙauye ta wajen Dabai, wadda idonta ya yi rauni har ta daina iya bin layi a Littafi Mai Tsarki, kuma na auna ta da tambaya guda: shin mutumin da zunubi ya yi wa nauyi a zuciya zai iya jin albishirin gafara ta bakin wannan na'ura ba tare da ya jira Lahadi ba?

Ta fuskar murya, babu abin kushewa. Mai karatun ba ya gaggawa, yana tsayawa inda ya kamata, kuma Hausarsa mai sauƙi ce, irin wadda Badakkaren da Hausa ba harshen gidansu ba ce zai bi ba tare da wahala ba. Lasifikar tana isar mutanen da suka zauna a kan tabarma ɗaya a tsakar gida, ko da yake in aka ƙure ta takan yi ɗan karkarwa. Idan aka shanya ta a rana tun hantsi, cajin yakan kai dare, amma da damina, musamman a watan Agusta da hadari ke rufe sama, sai an haɗa da mai cajin waya.

Inda ta fi burge ni shi ne yadda maimaici ke aiki a zuciyar mai saurare. Tun shekarar 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, aikin da Dakta Walter Miller na Zariya ya yi tsaye a kai, amma bugu yana amfanar mai karatu ne kawai, kuma da yawa daga tsofaffinmu a bakin fasto ko mai bishara suke jin aya sau ɗaya a mako. Gwaggo ta sa an mayar mata da Luka sura 15, inda aka ba da misalin ɗan da ya ɓarnatar da gadonsa sannan ya komo gida, har sai da ta haddace wurin da uban ya hango ɗansa tun yana nesa, ya ruga ya rungume shi kafin yaron ya gama furta laifinsa. Wata rana da maraice, tana ɓarar gyaɗa, ta ce da ni, “Ɗana, ashe uban bai bari ya ce a mai da shi bawa ba.” Shekaru tana jin wannan misali a wa'azi, amma sai da kunnenta ya bi shi a natse ta lura cewa riga da zobe da takalmi sun riga duk wani aikin biyan bashi zuwa. Wannan ita ce koyarwar Kirista a kan gafara: alheri ce wadda Almasihu ya biya da jininsa a kan gicciye, ana karɓarta ta wurin tuba da bangaskiya, kamar yadda Afisawa 1:7 da 1 Yohanna 1:9 suka nuna. Haka kuma Zabura 32, inda Dawuda ya kira wanda aka gafarta wa mai albarka, ya kuma faɗi yadda ƙasusuwansa suka lalace sa'ad da ya yi shiru da laifinsa, takan fi shiga jiki idan an ji ta da dare, lokacin da babu kowa sai mutum da lamirinsa.

’Yan zumuntar mata na ikilisiya sun ari rediyon, suka saurari Matiyu 18, labarin bawan da aka yafe wa bashin talanti 10,000, wato kuɗi masu ɗimbin yawa, amma ya shaƙe ɗan'uwansa saboda ɗan bashin dinari 100. A cikinsu akwai waɗanda ’yan bindiga suka raba da gidajensu a yankin Danko-Wasagu, don haka maganar yafe wa wani ba abu ne mai sauƙi a wurinsu ba, kuma na'urar ba ta da bakin amsa tambayar da ta taso. A nan dole a koma ga fasto da dattawan ikilisiya, domin rediyo ba ta yi wa mutum addu'a, ba ta kuma miƙa masa Jibin Ubangiji, wato gurasa da ƙoƙon tunawa da mutuwar Almasihu.

Aibinta na farko shi ne wahalar neman wuri. Surorin Sabon Alkawari 260 da Zabura 150 an jera su da lamba zalla, babu sunan littafi a ɗan gilashin, ta yadda sai mutum ya san cewa Luka 15 ita ce lamba 59, Zabura 51 kuma 311. Maɓallan ƙanana ne, duk kamarsu ɗaya, abin da bai dace da kayan da aka yi domin masu raunin ido ba. Na rubuta lambobin a kwali na liƙa a bango domin jikoki su riƙa taimakawa.

Aibi na biyu ya fi damuna. Rashin sauran Tsohon Alkawari ya sa mai saurare yana jin kukan tuban Dawuda a Zabura 51 ba tare da ya ji 2 Sama'ila sura 11 da 12 ba, wato yadda ya ɗauke Batsheba, ya kuma sa aka kashe mijinta Uriya, da yadda annabi Natan ya tsare shi da gaskiya. Wanda bai san girman wannan laifi ba, da wuya ya gane girman jinƙan da ya shafe shi. Alkawarin Ishaya 1:18 ma, cewa zunubai ko sun yi ja wur za su koma fari fat, babu shi.

Duk da haka ina ba da shawarar a saya wa tsofaffi da marasa karatu, amma a gwada allon solar da maɓallan tun a shago, a kuma tambayi mai shagon ko yana da memori mai ɗauke da littattafai 66 gaba ɗaya, ko da za a ƙara kuɗi a kai.