Ina ya kamata ɗan Maraɗi ya yi mastar a ilmin asali da tsofaffin takardu?

Ƙanena ya gama lisans a fannin tarihi, ya zo ya same ni da tambaya: "Yaya, ina son aikin salsala da tsofaffin rubuce-rubuce, wace jami'a zan nufa?" Abin da na gaya masa shi ne zan gaya wa duk mai irin wannan buri.

Ni dai Yamai na zaɓa masa. Ka yi rajista a sashen tarihi na Jami'ar Abdu Mumuni, amma kada ƙafarka ta ɗauke daga IRSH, cibiyar binciken jami'ar, inda ake ajiye rubuce-rubucen hannu na Larabci da Ajami. Bubu Hama ne ya fara tara su tun yana shugaban majalisar dokoki, yanzu sun kai wajen 4,000. A can za ka buɗe gafaka ka ga ganyayen littafi ba ɗinki, ka koyi bin kalmar nan guda da marubuci ke ajiyewa a ƙasan shafi don ta nuna wanda ke biye. Ido ba ya sabawa da hannun malaman da sai da zama a gaban takarda. Ga kuma CELHTO a garin, masu adana tarihin baka, kuma wannan ya shafe mu ƙwarai. Tun da Katsina ta faɗa hannun masu jihadi a 1807, har zuriyar sarakunanta ta kafu a Maraɗi ƙarƙashin Ɗan Kasawa, yawancin labarinmu a bakin makaɗan fada da dattawa yake. Wanda ya iya takarda bai iya sauraron kirari ba, rabin aikin ya koya.

Na biyu Arewa House ta Kaduna, wadda aka kafa a 1970 ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello. Wuri ne mai albarka, ga ma'ajiyar takardun gwamnati a garin, amma sai Ingilishinka ya zauna. Ka je ka yi ƴan watanni kana bincike, ya isa.

Jami'ar Strathclyde ta Glasgo tana da mastar ta intanet a kan salsala da tsohon rubutu da tambarin gidajen Turawa. Karatu ne na gaske, sai dai rajistar coci-coci za ka koya, ka biya da fam. Mu namu tambarin yana cikin hatimi da tsagar gado.

Sai maganar da ta fi ci mini rai, wato ƴan damfara. Shekarun baya na biya wani mutum kuɗi masu nauyi, ya kawo mini ganye uku na Ajami, wai asalin gidanmu ne tun daga Birnin Katsina. Na kai wa wani malami tsoho. Bai fara karantawa ba, sai ya ɗaga takardar ya kalli rana ta cikinta. Ya ce, "Ɗana, ina jinjirin wata?" Takardun da aka fi yin rubutu a kansu a ƙarni na 19 daga Italiya suke, ta Sahara aka shigo da su, kuma da yawansu suna da alamar jinjirin wata uku a jiki. Tawa ba ta da komai. Ya shinshina, ya ce hayaƙi aka turara ta da shi. Da muka ƙirga sunayen, kakanni huɗu ne kacal aka raba wa shekara fiye da 200. Abin da ya fi ƙona mini rai, na riga na nuna wa baffannina, har ɗaya ya yi hawaye.

Irin waɗannan mutanen sun san abin da zuciya ke so. Kowa sai su sada shi da gidan sarauta ko sharifai, ba za ka taɓa jin sun ce kakanka maƙeri ne ko majemi ba. Kuma alamar watan kanta ba ta wanke takarda, don ana samun tsohon ganye marar rubutu a cika shi da sabuwar tawada. Ƴan uwan waɗannan ƴan damfarar ne masu tallan mastar ta wata shida a WhatsApp. Kafin ka tura ko dala, tambayi ko CAMES, hukumar da ke tantance kwalayen jami'o'i a ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci, ta amince da kwalin, ka nemi sunan malamin da zai duba aikinka, sannan ka ce a nuna maka ɗakin da takardun suke.