Gargaɗi: ana yanka burtali ana sayarwa da sunan gona

Jama'ar Kebbi, musamman ma'aikata da 'yan kasuwar Birnin Kebbi masu neman fili a bayan gari, ku yi hattara da wasu dillalai. Da rani suke kai mutum ya ga fili fetal, ba shuka ba shinge, ga araha. Sai su ce mai shi na da larura, yau yake son kuɗi, a ajiye kafin alƙalami kafin wani ya rigaye ka.

Haka aka yi wa ƙanina. Ya saya don kiwon kaji da turkar raguna, aka ba shi takardar da aka rubuta da biro, da shaidu biyu da dillalin ya zo da su. Har ya sauke bulo. Ruwan farko na sauka shanu suka fara ratsawa ta tsakiyar wurin safe da yamma, ashe burtali ne da ke gangarawa mashaya. Dattawan ƙauyen duk sun sani, amma ba wanda ya tambaye su. Dillali kuwa wayarsa a kashe har yau.

Burtali da wurin kiwo ba na mutum ɗaya ba ne balle ya sayar. Tun 1965 gwamnatin Arewa ta yi dokar keɓe wuraren kiwo. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 kuma ta damƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna, ƙaramar hukuma ce ke ba da shaidar mallakar gargajiya a karkara. Wannan takarda ta biro shaida ce kawai cewa kuɗinka sun fita. In hukuma ta zo da jan fenti, takardar ba za ta tsare maka ko katanga ba. Abin da ya fi asarar kuɗin muni shi ne ka toshe hanyar shanu, ka sayo wa kanka rigima da makiyaya.

Kafin ka biya ko sisi, je wurin dagaci da hakimi da ƙafarka, ban da dillalin. Tambayi maƙwabtan gona ta kowace kusurwa, in gado ce a tara magada duka. Ka ɗauki safiyo naka ya auna, ka kai sashen filaye na ƙaramar hukuma da ma'aikatar ƙasa a duba ko wurin ya faɗa gandun daji ko wurin kiwo. In kusa da gari ne, tambayi hukumar raya birane ko an yarda da gini da kiwo a nan, don warin kaji kaɗai ya isa maƙwabta su kai ƙara.

Sai kuma fadama. Wanda ya ga ambaliyar 2020 a gefen gulbin Rima ba ya sayen wurin gini a watan Maris. Ka ce wa dillali za ka dawo a Agusta ka ga filin, ka lura da fuskarsa.