Kafin ku yar da tsohuwar kwamfutar nan, ga abinda na gani a Hambug

Assalamu alaikum mutanen gida, da fatan kowa yana lafiya, ya iyali ya kasuwa. Tunda na zo Jamus sakon da yafi shigo min bayan gaisuwa shine "yaya dan Allah a taimaka a turo mana laftof", kuma in na bi diddigi sai in tarar ashe akwai kwamfuta ta tebur a shagon ko a gida, kawai dai nauyi tayi, tafiyar hawainiya take, ka danna Word sai ka gama amsa waya bata bude ba. To wannan maganar taku ce, musamman masu shagon buga takardu da cike fom a intanet da 'yan makaranta, domin yawancin kwamfutocin nan lafiyarsu kalau, abu biyu ko uku kawai suke bukata.

Ni kaina wacce nake aiki da ita a daki tsohuwa ce, Dell OptiPlex 7010, kirar 2012, irin bakaken nan da kuke gani a bankuna da ofisoshi. A nan ma'aikatu da kamfanoni basa jira kwamfuta ta mutu, in tayi 'yan shekaru sai su kwashe gaba daya su zuba sababbi, akwai wasu 'yan kasuwa da sana'arsu kenan, su saye su goge duk abinda ke ciki su wanke su gwada sannan su sa a eBay ko a shafinsu. Tawa kasa da Yuro 100 na sameta, ta zo da furosesa (kwakwalwar kwamfuta) i3 da RAM (inda take rike aikin da ake kan yi) 4GB da tsohon had disk mai juyawa. Na cire i3 din na sa i5-3470, na kai RAM din 16GB, na sa SSD, wato ma'ajiyar da ke maye gurbin had disk kuma ta fishi gudu, wallahi duk wanda ya zauna a gabanta baya yarda ta haura shekara goma. Shi i5 din ma ko Yuro 20 bai kai ba, a cikin ambulan mai laushi dan aike ya jefo min shi a akwatin wasiku.

Abinda yafi burge ni a nan ba arahar bane, dokar ce. In ka sayi abu ta intanet a hannun dan kasuwa mai rijista kana da kwana 14 ka mayar ko ba dalili, ko lafiyarsa kalau, kace ka fasa kawai a dawo maka da kudinka. Bayan wannan kuma in sabo ne yana da alhakin kayan har shekara 2, in na hannu ne dan kasuwa zai iya rage wa zuwa shekara 1 amma ba zai iya cewa babu ruwansa ba. Ga mai canza RAM wannan ba karamin abu bane, domin RAM abu ne da zaka iya sayo shi daidai a rubuce amma ka sa kwamfuta taki tashi, fanka na juyawa allo baki kirin, to a nan sai dai ka mayar dashi kwali ka kai gidan waya. Amma fa in a hannun mutum ka saya, irin masu sa kayansu a shafin tallan kayan hannu na Kleinanzeigen, to kusan kowa yana rubuta babu garanti babu mayarwa, nan kam kamar gida ne, kaya in ya fita ya fita, idonka shine garantinka.

A gida kuma kun fini sani, ka shiga Beirut Road a Kano ko Banex a Abuja ko Computer Village a Ikeja, garantin gwaji ne, wani ya baka 'yan kwanaki wani sati, in kana da sanayya a canza maka in baka da ita sai hakuri. Sai dai akwai abinda muke dashi wanda babu shi a nan kuma ina kewarsa sosai, ka dauki kwamfutarka a Keke Napep ka kaita shago, a bude a gabanka, a sa RAM din a kunna kana kallo, in bai yi ba yaron shago ya ruga makwabta ya karbo wani, ayi ciniki a rage maka, kafin la'asar ka koma gida da abinka yana aiki. A nan shagunan da ke sayar da tsohon RAM kadan ne, manyan shagunan kayan lantarki sabo kawai suka sani, ranar Lahadi kuma ko'ina a rufe.

Maganar mai gyara ita ce ta sa na koyi bude kwamfuta da hannuna. A Jamus kaya araha hannu tsada, mafi karancin albashi kadai a 2025 Yuro 12.82 ne a awa daya, balle kwararre mai shago da yake biyan haya da haraji. Dubawa kawai ace maka ga abinda ke damunta sai ka biya, kuma sai ka barta kayi jira, in aka hada kudin aiki yakan fi kudin kwamfutar gaba daya, shi yasa Bajamushe zai gwammace ya kaita wurin zubar da kayan lantarki na hukuma ya sayi sabuwa. Kuma ko sun gyara din canji suke yi, madabod, babban allon da komai ke hawa a kai, ya samu matsala a cire shi dungurungum. Mu kuwa yaranmu na gida, Allah ya sa musu albarka, zaka ga yaro a dan lungu da abin walda da mita yana bin layin madabod daya bayan daya har ya gano dan karamin abinda ya kone ya cire ya lika wani, akwatin wutar kwamfuta ma da a nan ko budewa basa yi shi sai ya farfado dashi. Wannan ilimi ne na gaske kuma bama biyansu hakkinsu. Abinda na gani a nan da yayi kama da haka shine Repair Café, wata al'ada da aka fara a Amsterdam a 2009 ta bazu har nan, 'yan sa kai ne yawanci dattawa da suka yi ritaya, su zauna a wani zaure lokaci lokaci kowa ya kawo abinsa da ya lalace a gyara tare, ka jefa abinda ya sawwaka a asusu.

To bari in shiga ainihin aikin, don kar wani ya je ya zubar da kudinsa.

Farko ka san me kake dashi. Akwai wata manhaja kyauta sunanta CPU-Z, ka saukar ka bude, zata nuna maka sunan furosesa da na madabod da irin RAM din da ke ciki da ko rami nawa aka cike. Kwamfutocin 2011 zuwa wajen 2014 kusan duk DDR3 suke ci, DDR4 ba zai shiga raminsu ba ko ka danna da karfi, tsagar da ke kasan sandar ba a wuri daya take ba, DDR3 hakora 240 gareshi DDR4 kuma 288. Na laftof gajere ne ba zai yi a ta tebur ba. Sannan ku yi hattara da wani RAM mai arahar banza da ake cirowa daga manyan kwamfutocin saba (server), zaka ga an rubuta ECC da REG ko harafin R a karshen lambar, 16GB a sanda daya kudi kadan, yana shiga ramin tsaf amma kwamfutar ofis ba zata tashi dashi ba. A nan ma ya cika intanet, kuma na tabbata irinsa yana isowa gida a kwantena. In zaka saya ka sayi guda biyu iri daya ka sa su a ramuka masu launi daya, sunfi gudu a haka akan sanda daya babba. Kuma ka duba Windows dinka, in mai 32-bit ne ko ka zuba 16GB abinda zai gani bai kai 4 ba, sai an sake sa mai 64-bit.

Furosesa shi yafi wayo. Na zubi na biyu da na uku na Intel, wato masu lambar dubu biyu da dubu uku irin i5-2400 da i5-3470, kusan duk soket daya suke hawa, LGA1155, to anan mutane ke rudewa suce ai tunda ya zauna zai yi. Ba haka bane. OptiPlex 790 da 990 zubi na biyu kawai suke karba, ka sa musu na uku ba zasu tashi ba, 7010 da 9010 su ne ke karbar na uku. Wasu madabod din kuma zasu karba amma sai an sabunta BIOS, 'yar manhajar cikin madabod da ke tada kwamfuta, tukun da tsohon furosesa a ciki. Wannan sabuntawar ina rokonku kar wanda yayi ta da wutar layi kadai, in aka dauke wuta ana tsakiyar yi madabod din zai iya mutuwa, ka tabbatar akwai UPS ko inbata ko sola. A nan mutane ko tunanin haka basa yi don wuta bata daukewa sai da babban dalili, shi yasa in kun kalli bidiyon Turawa na koyarwa ba zaku ji sun ja kunne sosai ba.

Wajen sawa kuma a hankali. Ka zare wayar wuta, ka taba karfen akwatin da hannunka, ka kwance fanka, ka daga dan karfen da ya danne furosesa. In ka leka cikin soket din zaka ga wasu siraran allurai masu ruwan zinare jere reras sun fi dubu, ko gefen farce ya taba su sun lankwashe, kuma in suka lankwashe an shiga uku. Sabon furosesa ajiye shi ake yi ba dannawa ba, akwai dan kusurwa mai alama da tsaga biyu a gefe, in ka daidaita su da kansa zai zauna. Ka goge tsohon man nan mai ruwan toka da ya bushe a kasan fanka, ka diga sabo kadan a tsakiya, kar ka lafta. Tunda ka riga ka bude ka hure kurar da ta toshe fanka, ta hunturu kadai ta isa ta sa kwamfuta zafi ta rika rage gudu da kanta ko tana mutuwa, ka canza dan batirin nan mai fadin kwabo CR2032 in agogonta yana batan lissafi.

Amma tsakani da Allah in kudinka na abu daya ne, kar ka fara da furosesa. SSD zaka fara saya, sai RAM ya kai 8GB, furosesa shine na karshe. Mai buga takardu da cike fom ba zai ji wani bambanci can tsakanin i5 da i7 ba, amma ranar da ya bar had disk ya koma SSD zai ji tun daga kunnawa. i7-3770 shine kusan kololuwar abinda wadannan injinan ke dauka kuma saboda haka masu sayarwa suke tsuga masa kudi, a nan ma yakan ninka i5, ni ban ga dalilin saye ba sai ga mai hada bidiyo. Sabon RAM kuwa tun karshen 2025 yayi tashin gwauron zabi a duniya saboda kamfanonin AI suna kwashewa, wannan ma wani dalili ne na rike tsohuwa mai cin DDR3 na hannu.

Akwai gaskiyar da ya kamata in fada muku game da yawan kayan nan. Microsoft ta daina kula da Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, an dai bude wata kofa ta karin shekara daya ga wanda yayi rijista, shi kuma Windows 11 a ka'ida yana neman furosesa zubi na takwas zuwa sama da wani abin tsaro da ake kira TPM 2.0. Kenan duk wadannan na zubi na biyu da na uku har na bakwai sun fita daga layi, shi yasa ofisoshin nan ke ta sallamarsu. Nasan a gida masu gyara suna da hanyar dora 11 ta bayan fage kuma tana aiki, amma babu tabbacin zata cigaba da samun sabuntawa. Ni Linux Mint na sa a tawa maimakon Windows, kyauta ne kuma baya da nauyi, sai dai mai shagon da abincinsa ya rataya akan CorelDRAW bazan ce masa ya bini ba. Abinda zan ce shine kar ka narka kudi mai yawa a injin 2012, ka kashe kadan ya kara maka 'yan shekaru, in kudin gyaran ya kusa na sayen mai zubi na takwas to ka hakura ka tara ka sayi waccan.

Kuma in an ce muku kaya dan Beljiyam ne ko dan Jamus kar sunan ya rude ku. Akwai wani titi a nan Hambug, Billstraße, nan ake hada-hadar kayan hannu masu tafiya Afirka ta Yamma, firji da talabijin da kwamfuta a jibge, in ka je zaka ji Hausa da Twi kamar kana zango. Akwai masu tsoron Allah da ke gwada kaya kafin su loda, akwai kuma masu saye a dunkule ba gwaji, duk da dokar Turai ta hana fitar da mataccen kayan lantarki da sunan na hannu. To mai kyau da mara kyau kwantena daya suke shiga, in sun iso sai mai saye ya bude ido, a kunna a gabanka, a bude CPU-Z ka gani da idonka, in da hali a bar manhajar gwaji ta MemTest86 ta zagaya RAM din kafin ka biya.

Masu cewa in turo, laftof nauyi da kudin kaya da kwastan sun sa ba kullum zan iya ba, amma RAM da furosesa da SSD a aljihun jaka suke shiga, duk mai tahowa gida zai iya rike su. Wanda yake so ya dauki hoton takardar da ke manne a jikin akwatin mai dauke da lambar kirar, da hoton shafukan CPU-Z na furosesa da madabod da RAM, ya turo min, sai in duba in gaya masa abinda zata dauka da wanda ba zata dauka ba. Kuma dan Allah kafin kayan su iso a nemi sitabilaiza ko UPS ko da karami ne a hada mata.