Disneyland Paris ko Tsibirin Yas? Amsa ga Mai Tafiya da Yara Huɗu da Surukuwa

Ƙanwata, tun jiya da daddare na ga tambayarki, barci ne ya ci ƙarfina. Ga waɗanda saƙon ya wuce su: maigidanta ne ya ba ta zaɓi a dogon hutun nan na watan Agusta, ko Disneyland Paris a Faransa, ko tsibirin Yas da ke Abu Dhabi. Yara huɗu ne, mai shekara 11, mai 8, mai 5, da auta mai shekara 2, kuma Hajiya babba, mahaifiyar maigidan, da ita za a yi tafiyar. Allah ya nufa na taka wuraren biyu da nawa yaran, to ga abin da idona ya gane mini.

Ba zan ja miki rai ba. Da ni ce ke, da irin wannan ayari, a wannan wata, Yas zan nufa. Amma ki daure ki karanta har ƙasa, don akwai abin da Paris ke da shi wanda Yas bai kama ƙafarsa ba.

Disneyland Paris ba a cikin birnin Paris yake ba. Yana gabas da birnin da kimanin kilomita 32, a yankin Marne-la-Vallée, kuma tun 1992 aka buɗe shi. Filayen wasa biyu ne ƙofa da ƙofa, na biyun ya zo a 2002, ga otal-otal kewaye da su. Jirgin ƙasa na RER A yana ɗauko mutum daga tsakiyar birni ya dire shi a bakin ƙofa cikin minti 40 ko makamancin haka. Shi kuwa Yas tsibiri ne guda mai wuraren wasa huɗu, kowanne da gininsa da tikitinsa: Ferrari World na 2010, Yas Waterworld na wasan ruwa da aka buɗe a 2013, Warner Bros. World na 2018, sai SeaWorld na halittun teku da ya zo a 2023. Daga filin jirgin Abu Dhabi bai fi tafiyar kwata ɗin awa ba, daga Dubai kuwa kusan awa guda a mota.

Kafin lilo, sai an shiga ƙasa. Faransa bizar Schengen ce, wato bizar bai-ɗaya ta yawancin ƙasashen Turai: yuro 90 kowane babba, yuro 45 yaro daga shekara 6 zuwa ƙasa da 12, na ƙasa da 6 kyauta. Ku bakwai ke nan yuro 360, ban da ladan cibiyar karɓar takardu da inshorar lafiya ta tafiya, kuma in aka ce a'a, kuɗin sun tafi ke nan. Abin da ya fi kuɗin wahala shi ne samun ranar ganawa, domin gab da dogon hutu kowa can yake rububi. Ana karɓar takardu tun saura wata shida, to in yanzu ne za ki fara, lokaci ya ƙure miki. Ita ma Daular Larabawa, ƙasar da Abu Dhabi ke ciki, ba ƙofa ce a buɗe ba. Ta dakatar da bai wa 'yan Najeriya biza a 2022, sai a watan Yulin 2024 aka sake buɗewa, kuma sharuɗɗan kan sauya. Kada ki biya kuɗin otal da ba a mayarwa sai bizar kowa ta fito, har ta Hajiya. Wani ejan ya taɓa ce mini "an gama, gobe za ta fito" har sau uku, goben nan ta ci kwana goma sha ɗaya.

Yanzu yanayi, wanda a ido kamar Paris ce ta ci. Agustan Paris yawanci lumui ne, irin na bayan an ɗauke ruwan sama, ko da yake akan samu 'yan kwanaki na zafi mai tsanani, kuma yayyafi ba ya sallama. Agustan Abu Dhabi kuwa ya haura digiri 40, kuma ba irin zafin Sakkwato ko Maiduguri ba ne da inuwa ke maganinsa. Zafi ne mai laima. Na fito daga mota tabarauna ya yi hazo fari fat, sai da na cire shi na goge da gefen mayafi. To me ya sa na ce Yas? Saboda uku daga cikin wuraren huɗu rufaffu ne, esi na ta aiki tun safe har dare. A Warner Bros. har sararin sama suka zana a rufin ginin, mutum ya manta a ɗaki yake. Rana ba ta ganinki sai tsakanin ƙofar otal da ƙofar mota, kuma akwai bas kyauta da ke zagaya tsibirin. Ki ma ɗauko wa auta rigar sanyi, don sanyin cikin yakan yi wa yara yawa. A Paris kusan komai a fili yake: layi da yawa a fili, jiran faretin 'yan kwaikwayo a fili, in ruwa ya sauko a kanku zai sauka.

Wannan ya kawo ni kan ƙafar Hajiya. Disneyland wuri ne na tafiya, ba ƙarama ba. Daga tashar jirgi zuwa wurin binciken jaka, zuwa ƙofa, zuwa ƙarshen dogon titin da ke kai wa fadar da ke tsakiyar filin, tun ba a hau komai ba tsohuwa ta fara neman benci. Agusta kuma hutun makarantun Faransa ne da na maƙwabtanta, don haka manyan liluka layin awa guda ba abin mamaki ba ne. Akwai Premier Access, wato a biya ƙari a tsallake dogon layi, sai dai kuɗin kan kowane mutum ne, ki ninka da yawanku ki gani. Ana ba da hayar keken tura yara da na marasa ƙarfi a bakin shiga, amma kin san halin iyayenmu, za ta ce ita ba gurguwa ba ce. A Yas wuraren a tattare suke, kuma ranakun aiki layin da sauƙi. Ki tuna tun 2022 hutun ƙarshen makonsu ya koma Asabar da Lahadi, Juma'a rabin yini, don haka Litinin zuwa Alhamis su ne naku. Da mahaifiyata na je. Muka samar mata kujera da kofin shayi a dandalin tsakiya, muna zuwa muna dawowa muna iske ta tana jan carbi tana kallon jama'a, har ta yi ƙawa da wata tsohuwa 'yar Sudan, kowacce ba ta jin yaren 'yar'uwarta sosai amma hira ba ta yanke ba.

Abu ɗaya da wuraren biyu suka yi tarayya a kai, kuma ba wanda ya gaya mini: ba shekaru ake tambaya a bakin lilo ba, tsayi ake aunawa. A Paris, jirgin dutsen nan na Big Thunder Mountain sai mai mita 1.02, Hyperspace Mountain sai mai 1.20. A Ferrari World, Formula Rossa, wanda ke kai gudun kilomita 240 a awa cikin ƙasa da daƙiƙa biyar har sai an sa wa mutum tabarau na kare ido, sai mai mita 1.40. Laifina ne, na yi wata biyu ina nuna wa ɗana bidiyonsa. Ranar da muka je aka tsayar da shi jikin ma'auni, ya rage kamar faɗin yatsu biyu. Ya yi ɗage, ya miƙe wuya, ma'aikaciyar ta yi murmushi ta girgiza kai. Kukan da ya yi har yau in ana so a tsokane shi a gida shi ake tunowa. Ki jingina yaranki da bango yau ɗin nan ki auna su da tef ɗin tela, sannan ki san wanda za ki yi wa alkawarin me. A nan Paris ta fi tausayin ƙanana, don akwai liluka da yawa marasa sharaɗin tsayi, irin kwalekwalen da ke ratsa 'yan tsana masu waƙa, wanda auta da Hajiya duk za su iya shiga tare, kuma yaron da bai kai shekara 3 ba ba ya biyan kuɗin shiga. A Yas, Ferrari World galibi na manya ne da matasa. Mai 5 da auta rabonsu yana Warner Bros. da SeaWorld.

Sai abin da a gaskiya shi ya yanke mini hukunci: salla, tsarki da abinci. A Yas ba sai kin yi tunaninsu ba. Akwai ɗakin salla na maza da na mata da wurin alwala, banɗaki akwai tiyon tsarki, nama kuwa sai dai ki zaɓi wanda ranki ke so. Abin da za ki sani kawai, ba a shiga da abincin waje in ban da na jarirai. A Yas Waterworld ma akan ware lokuta na mata zalla, ma'aikatan duk mata, ki duba ko zai faɗo cikin kwanakinku. A Faransa kuwa ke ce za ki yi wa kanki tanadi. Banɗakinsu takarda ce, don haka gorar ruwa ita ce butarki, kuma ki ba Hajiya labari tun daga gida kada ta gani a can ranta ya ɓaci. Ni a wani lungu bayan shuke-shuke na shimfiɗa mayafi na yi azahar da la'asar, babbar 'yata na tsaye tana yi mini gadi. Ba wanda ya ce mini kanzil, amma ba irin natsuwar da tsohuwa ke so ba ce. Lokutan ma sai an saba: a farkon Agusta rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe 9 na dare, lisha ta yi can wajen sha ɗaya. Hijabi ba matsala, amma dokar Faransa ta hana rufe fuska a bainar jama'a tun 2011, in akwai mai sa niƙabi a cikinku. Abinci kuwa kifi, dankali, taliya da fiza mai cuku muka yi ta ci har yara suka fara mafarkin tuwo. Ana barin shiga da ɗan abin taɓawa a jaka, wannan ya taimaka. Sai dai kada ki ce za ki yi guzurin kilishi ko dambun nama daga gida, an hana shigar da nama Tarayyar Turai a kayan matafiyi. Yaji da garin kunu dai ba ruwan kowa.

To, bari in ba Paris haƙƙinta. Yas wurin wasa ne mai kyau, Disneyland kuwa wata duniya ce aka gina. Fadar nan mai ruwan hoda da kike gani a hoto, gani ya kori ji. A ƙarƙashinta akwai kogo mai duhu, da wani ƙaton dodo ɗaure da sarƙa a bakin ruwa, yana barci, can sai ya ɗaga kai ya yi gurnani hayaƙi na fita. 'Yata ta ƙanƙame ni tana "Mama mu fita", muna fita ta ce mu koma. Sau huɗu muka shiga. Ga furanni, ga kiɗa ko'ina, ga wasan wuta da haske a jikin fadar lokacin tashi, wanda ni kaina da girmana na saki baki. Sai dai a bazararsu wasan nan sai dare ya yi nisa, lokacin auta ta daɗe da yin barci a kafaɗar wani, ga turmutsutsun komawa tashar jirgi. Ki kuma tambayi yaranki su wa suka sani. Nawa sun fi sanin Tom da Jerry da Batman a kan 'ya'yan sarakunan Disney, kuma waɗannan a Warner Bros. suke. Ranar da autana ya ga Jerry a tsaye ya fi shi tsayi, ya rasa gudu zai yi ko runguma.

Kuɗi ba zan ba ki lissafi ba, don farashin wuraren biyu yana hawa da sauka gwargwadon rana, kuma ta intanet ya fi araha a kan bakin ƙofa. Abin lura dai, ku bakwai ɗaki biyu ne ko'ina. A Paris otal ɗin Disney na ba da damar shiga da wuri kafin jama'a, amma ni na fi son gidan haya mai kicin a Val d'Europe, tasha ɗaya kacal a jirgi, ga babban kanti a wurin, ki dafa wa Hajiya abin da cikinta ya sani. A Yas otal-otal da yawa suna haɗa kwana da tikitin shiga, kuma da yake Agusta ba lokacin baƙinsu ba ne, ɗakuna kan sauko. Kuɗinsu dirhami a ɗaure yake da dala, dirhami 3.67 a dala ɗaya, lissafinsa ba wuya. Kwana uku sun isa Paris. Yas ki ba shi huɗu, wuri ɗaya a yini, ki ware yamma guda ku kai Hajiya Masallacin Sheikh Zayed, don na tabbata shi za ta fi ba da labari in kun dawo.

In kuma ran yara ya kafe a kan Mickey, kamfanin Disney ya sanar a watan Mayun 2025 cewa za a gina nasa filin a tsibirin Yas ɗin, sai dai wannan aikin shekaru ne. Paris ki ajiye ta sai auta ta kai shekara 5 ko 6, ku je ku kaɗai, a nemi biza tun da wuri. Ki turo mini tsayin yaran in kin auna, in faɗa miki wanne wuri za ku fara da shi. A gaida Hajiya.