Itacen fayin kafin sanyi: naɗi da algarara ko ban ruwa da shimfiɗa?

'Yar'uwa, kin ce kina da itatuwan fayin (pine a Turance, mai ganye kamar allura) a lambun gida, wasu manya wasu dashen bana, kina tambaya ko ki naɗe su da buhun algarara kafin dusar ƙanƙara ta sauko, ko ki tsaya ga ban ruwa da shimfiɗa ganye a gindinsu. In ɗaya za ki ɗauka, ki ɗauki na biyu.

Fayin itace ne mai jure sanyi, ƙishirwa ce ta fi wahalar da shi. Ba ya kaɗe ganyensa gaba ɗaya kamar yadda wasu itatuwa ke yi, saboda haka duk ranar da aka yi iska ko rana ta haska, ruwa na fita ta waɗannan siraran ganyen masu kama da allura, kamar yadda shanya ke bushewa a iska ko da gari ya yi sanyi. A ƙasa kuma komai ya daskare, saiwa ba ta iya jawo ruwan da zai maye gurbin wanda ya tafi. Shi ya sa a ƙarshen sanyi za ki ga bakin ganyen ya yi ja kamar an babbaka, galibi ta ɓangaren da iska ke bugawa.

Ban ruwa tun daga tushe yake magance wannan. A kaka, duk makon da ba a yi ruwan sama ba, ki ajiye tiyo yana zuba a hankali har ƙasa ta jiƙu sosai, ki ci gaba har ta fara daskarewa. Sai shimfiɗa mai kaurin santimita 5 zuwa 10, ta ɓawon itace ko ganyen fayin ɗin da ya zubo, wadda ke riƙe danshi tana jinkirta daskarewar ƙasa. Ki bar tazarar kamar tafin hannu tsakaninta da jikin itacen, don in kika tara masa tsibi ɓawo zai ruɓe, ɓeraye su samu maɓoya su gwaguye shi. Af, kada ganyen ciki da ke yin rawaya yana zuba a kaka ya tayar miki da hankali, tsoho ne ya gama wa'adinsa.

Algarara kuwa iska kawai take tarewa, ba ta ƙara wa itace ruwa ko ɗigo. Manyan ba sa bukatarta, dama ina za ki kai ga naɗe su? Dashen bana da ke fili, ko wanda ke bakin titin da ake watsa wa gishiri don narkar da ƙanƙara, su ne za su amfana. Ko su ma, ni na fi son a kafa sanduna a ɗaura buhun kamar shinge ta ɓangaren iska, bai taɓa ganye ba, sama a buɗe. Leda kam ki rabu da ita, tana tara zafi da gumi.

Don haka ki shayar da su duka ki yi musu shimfiɗa, ƙananan kuma ki ƙara musu shingen. Taki da datse rassa ki bari sai sanyi ya wuce, don sabon toho ba ya jure daskarewa. In dusa ta danne rassa, ki ɗaga su a hankali da tsintsiya daga ƙasa zuwa sama, wadda ta zama ƙanƙara kuma ki ƙyale ta narke da kanta.