Katin darussan Nebukadnezzar da ke yawo a Garwa: abin da ya dace da abin da ya rage

Katin memori ne ƙarami, ana samunsa wajen masu tura waƙa a waya da kuma teburin littattafai na wasu majami'u a Garwa da Marwa, a arewacin Kamaru. A ciki akwai darussa 12 da Hausa a kan Nebukadnezzar sarkin Babila, kowanne kusan minti 20. Muryar mai karatun a natse take, Hausarsa ta Kano ce amma ba ya zurfafa ta, don haka wanda Fillanci ya fi nauyi a bakinsa ma zai bi shi.

Mai saye ya gwada katin tun a gaban mai sayarwa. An sa wa darussan lamba 1, 2, 3 ba tare da sifili a gaba ba, shi ya sa ƙananan rediyo masu cin kati suke tsallakawa daga na 1 zuwa na 10, sai ka ji sarki yana cin ciyawa alhali bai yi mafarkin farko ba. Maganin kuwa a sa katin a kwamfuta, a mai da lambobin 01, 02, 03, a sake tura su ɗaya bayan ɗaya. In rediyo ya ƙi karanta katin sam, galibi tsarin katin ne, a kwashe darussan a goge shi a sa masa tsarin da ake kira FAT32 sannan a mayar.

Inda darussan suka yi ƙarfi shi ne Daniyel sura 2 zuwa 4. Malamin ya lura da yadda marubucin yake zana sarkin kamar mutumin da komai nasa ya wuce gona da iri. Gunkin da ya kafa a filin Dura tsayinsa kamu 60 ne, faɗinsa kamu 6 kacal, wato dogo siriri kamar turken wuta. Da ya fusata sai ya ce a ƙara zafin tanderu sau 7, har wutar ta cinye waɗanda suka jefa Shadrak, Meshak da Abednego. Kowace sura kuma tana ƙarewa da sarkin yana yabon Allahn bayin da ya kamo. Sura ta 4 ma da bakinsa ake ba da yawancin labarin, kamar wasiƙa zuwa ga dukan al'ummai, a ciki kuma an bayyana yadda gashinsa ya zama kamar na gaggafa, farcensa kamar na tsuntsu. Wannan darasin shi kaɗai ya isa kuɗin katin.

Matsalar ita ce malamin ya ɗauki Nebukadnezzar na Daniyel ya shimfiɗa shi a kan sauran littattafan, alhali ba hoto ɗaya suka zana ba. A 2 Sarakuna 24 da 25 sarkin ba ya magana ma, yaƙi kawai yake yi: ya kwashe Yehoyakin sarkin Yahuza a shekara ta 597 kafin haihuwar Almasihu, bayan kamar shekara 10 sojojinsa suka ƙone Haikali. Irmiya kuwa sau uku yana sa Allah ya kira shi "bawana", a 25:9, 27:6 da 43:10, amma a 51:34 ya mai da shi dodon da ya haɗiye Urushalima. Katin ya ambaci ayar dodon, ya yi shiru a kan "bawana", mai yiwuwa don ba ta shiga wa'azin girman kai da aka shirya ba. A ganinmu nan ne naman yake, domin wannan saɓanin ne ke nuna yadda Yahudawa suka yi ta kokawa da tambayar ko wanda ya rushe su bulalar Allah ne ko maƙiyinsa.

Tarihin ma an taƙaita shi fiye da kima. An faɗi daidai cewa ya yi mulki daga 605 zuwa 562 kafin haihuwar Almasihu, amma ba a ce komai a kan Nabonidus ba, sarkin Babila na ƙarshe, wanda ya bar birninsa ya zauna Taima a ƙasar Larabawa wajen shekara 10. Wani rubutun Aramaik da aka samu a Kumran, kusa da Tekun Gishiri, yana ba da labarin ciwon da ya kama shi shekara 7, kuma masana da yawa suna ganin alaƙa tsakaninsa da Daniyel 4. Belshazzar ma, wanda Daniyel 5 ya kira ɗan Nebukadnezzar, ɗan Nabonidus ne. Sairus sarkin Farisa da ya ci Babila, wanda Ishaya 45:1 ya kira shafaffe, minti biyu ya samu a darasin ƙarshe.

Masu bi da Baibul na Faransanci su kula: sunan zai fito Nebucadnetsar ko Nabuchodonosor, kuma a bugun Katolika sura ta 3 ta kai aya 100, saboda haka abin da malamin ya kira 4:1 zuwa 3 can ƙarshen sura ta 3 yake. Musulmin da ya saurara, Buhtunasar ɗin da ya sani ne ake nufi.

Ga zumuntar mata da matasa katin ya yi. Mai koyar da ajin baftisma ko ɗalibin makarantar Baibul sai ya buɗe Irmiya 27 a gefe yana ji.